Takalman Yara a Ƙofar Fada

Jiya a ɗakin malamai na ji ɗayanku yana cewa wai in na yi ritaya shi zai karɓi aikin kai ɗalibai ziyara, tunda ai aikin hutu ne: a shiga mota, a sha iska, a ɗauki hoto, a dawo. Ban tanka masa ba don bakina cike yake da gyaɗa. Yau kuwa babu komai a bakin, sai ku jawo benci ku zauna. Aikin hutu! Ku ji mini yaro. Na fara kai yara tsohuwar fada kaina baƙi ƙirin, ku dubi yadda ya koma. Rabin furfurar nan a bakin ƙofar mota na tsince ta, ina ihun a shiga ɗaya bayan ɗaya.

Ga jakar nan, ku buɗe ku gani da idonku. Wannan usur ne, kuma a fili kawai ake busa shi. Ranar da ka busa shi cikin gidan sarauta, ranar ka gama aiki. Waɗannan ledoji ne, don mota ba za ta gama fita daga Potiskum ba wani zai fara amai, shi kuwa amai in ya tashi daga kujerar baya sai ya zagaye motar kaf. Lemon tsami na masu jiri ne, a ba su su riƙa shinshinawa. Ga allura da zare, domin wandon ɗan makaranta ba ya tashi yagewa sai a gaban manya. Ga auduga da maganin ciwo. Jarkokin ruwa da butoci da tabarmi ba sa shiga jaka, a bayan mota suke kwana. Wannan ƙunshin kuma da ƙamshinsa ya cika ɗakin, turaren wuta ne da goro. In ka manta akwatin magani za ka yi dabara a hanya, in ka manta wannan kuwa ka ce wa direba ya juya kawai.

Wurin marigayi Malam Bukar na koyi aikin, Allah ya jiƙansa. Wani dogon Babarbare ne mutumin Damagum, ba ya dariya sai an sauke yaro na ƙarshe a ƙofar makaranta. Tafiyata ta farko da shi na ci ado, na kafa sabuwar hula, na haye kujerar gaba kusa da direba na miƙe ƙafa. Ya zo ya tsaya ta taga yana kallona. Ya ce, "Malam Isa, ashe kai ne baƙon da za mu kai?" Na sauko sum-sum. Ya nuna mini kujerar ƙarshe, can kan taya, inda ake jin kowane rami a ƙugu. Ya ce daga nan ake ganin ƙeyar kowa: wanda ya yi shiru fiye da kima, wanda ya zura kai ta taga, wanda ake ƙwace wa guzuri. Na daɗe a kan tayar nan ina dakon jarka kafin ya yarda na buɗe baki a gaban mutanen fada.

Shi ya koya mini cewa ba a faɗo wa gidan sarauta da mota cike da yara kamar an zo cin kasuwa. Kai kaɗai za ka fara zuwa, ana saura kwanaki, ka tsuguna ka yi gaisuwa, ka miƙa goro da turare, ka zauna a yi hira har a gaji da kai. Ka duba inda inuwa take komawa in rana ta take, ka san inda banɗaki yake, ka san karen waye yake cizo a unguwar. In ana ba da tarihi ka ji abin da ya saɓa da na littafinka, ka haɗiye, ka bari sai ka koma aji. In an kawo abinci kai ne ƙarshen ci. Iyaye ma aiki ne mai zaman kansa. Akwai uwar da za ta biyo mota da gudu da kwanon ɗanwake, akwai uban da zai tare ka a masallaci ya ce ɗansa ya dawo da tari, kai ka jawo.

Ita tsohuwar fadar, kai, in ba ka gani ba ba za ka gane ba! Sarki ya daɗe da komawa sabon gida, an bar wannan a hannun wani tsoho da kowa ke kira Baba Dogari, sai dattawan mata can cikin gida a ƙarƙashin Jakadiya. Ginin ƙasa ne, kaurin bango ya fi tsawon hannuna. Kana sa ƙafa a zauren farko sanyi zai buge ka ko da ana tsakiyar bazara. Daga zaure sai zaure, ga azara a jere a sama ta yi baƙi don tsufa, ga ɗakin tambura, ga sulke da kwalkwali da takubba a rataye. Can baya kuma lambu: dabino dogaye, mangwaro, gwaiba, lemo, tsamiya, rijiya mai jigo, da wani ƙaton kunkuru da Baba Dogari yake rantsuwa ya girmi kakansa. Na je ban san iyaka ba, amma har yau in na hango katangar nan daga mota sai na ji daɗi kamar yaro.

To gidan yana da wata al'ada, ku buɗe kunne, don a kanta labarin yake. Kowa a bakin zauren farko yake cire takalmi, babba da yaro, har lambu ƙafa ba takalmi ake shiga. Kuma duk wanda ya shiga sai ya ci abincin gidan. Amma ba a tambayar baƙo ku nawa ne, shi ma ba ya faɗa. A wurinsu ƙirga kan baƙo rowa ce. Abin da ake yi, da hantsi Jakadiya za ta ɓullo ta wata ƙaramar ƙofa daga sashen mata, ta leƙa bakin zaure ta dubi takalma, ta koma ta ɗora tukunya daidai da abin da ta gani. Wanda kuwa ya shiga da takalminsa a hammata, ko ya ɓoye shi, ma'anarsa ya ƙi abincin gidan ke nan. A da masu gaba da gidan ne suke yin haka, kuma ba a sake buɗe musu ƙofa. Saboda haka Malam Bukar kan sa yara su jera takalmansu layi-layi, reras, yadda tsohuwa za ta gani da kyau.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda ba sai na ba ku labari ba, kuna yara amma kun ji ƙara. Makarantu a rufe, hanya shinge a kan shinge, wa yake maganar ziyara? Jakar nan na rataye ta a bayan ƙyaure har gizo-gizo ya yi mata saƙa. Ko da abubuwa suka lafa aka koma aji, babu uban da zai yarda a tara masa yaro a mota guda a fita da shi gari. Ban ga laifinsu ba. Amma abin yana cina. Ina koyar da tarihi a allo, in ce tambari, yara su zuba mini ido kamar na ambaci wani abu na ƙasar waje. Malam Bukar ya rasu a tsakanin, ni kuma ritaya tana matsowa. Na ce in ban buɗe hanyar nan ba kafin na tafi, shi ke nan ta toshe.

Na yi ta naci har aka sa maganar a taron iyaye da malamai. Shugaban iyaye a lokacin Alhaji Modu ne, dillalin shanu, mutum mai jiki da murya, in ya yi magana a kara, kasuwar shanu, ana ji daga bakin titi. Kowa ya san babban ɗansa yana cikin yaran da suka tafi makaranta wata safiya a shekarun nan ba su dawo ba. Ba ya zancen, ba a kuma yi masa. Yana da 'ya a ajinmu na uku, Falmata, yarinya mai tambayar tsiya, ita ta dame shi a gida da maganar kunkuru.

Ya miƙe ya ce, "Malam Isa, tafiya ɗaya. Kuma da ni za a je. In na ga abu ɗaya da bai yi mini ba, ko ƙaya ce ta soki yaro, maganar ziyara ta mutu a makarantar nan. Ka yarda?"

Na ce, "Na yarda, Alhaji."

Wata uwa ta ce to abinci fa, me za su ci? Nan na bugi ƙirji na ce kada wanda ya ɗaura wa yaro ko ƙosai, shiga gidan nan da guzuri cin fuska ne, fada ce za ta ciyar da su har su bari. Alhaji Modu ya dube ni ya ce, "To, mun ji."

Na je na yi gaisuwa. Baba Dogari ya rungume ni har hulata ta faɗi. Jakadiya ta karɓi turare ta shinshina ta ce, "Malam, da gaske za su zo? Makarantu sun sha aiko mana za a zo, mu jiƙa gero, ƙarshe mu ga malami shi kaɗai ya zo ba da haƙuri." Na ce, "Iya, wannan karon zan kawo muku 'ya'yanku, in Allah ya so."

Ranar tafiya, wayyo daɗi! Tun bayan asuba yara suka cika filin makaranta, kowa ya sha guga, kowa da takalmin robar nan ruwan ƙasa na makaranta, iri ɗaya sak. Malama Hauwa, wadda take kula da 'yan mata, tana ta ɗaure wa wannan ɗankwali tana goge wa waccan fuska. Sale direba ya wanke bas har tana ƙyalli. Na ba Alhaji kujerar gaba, ni na koma kan tayata. Muna wuce tashar manyan motoci yara suka ɓarke da waƙa, suna ɗaga wa masu shayi hannu, suna ɗaga wa shanu hannu, har jaki sai da ya sha gaisuwa. A shinge jami'in ya leƙo ya ga fuskoki, ya tambayi ina zuwa, suka haɗa baki suka ce fada! Ya yi dariya ya ce a gaishe da kunkuru. Ledojina sun yi aiki kamar kullum. Alhaji kuwa carbi kawai yake ja, yana waiwayowa yana duba 'yarsa.

Da muka isa na tara su a gindin katanga na yi musu huɗuba: ba gudu, ba ihu, ba taɓa abin da ba a miƙo maka ba, ba tsinkar ko ganye. Suka cire takalma suka jera layi-layi yadda na nuna, ni da Malama muka ajiye namu a gefe. Baba Dogari ya fito da jar rigarsa da sandarsa ya shige gaba. Na ce, "Alhaji, bismilla." Ya ce, "Ku shiga, ina zuwa." Fuskarsa ta ɗan canza, amma na ɗauka gajiyar mota ce. Da yake Baba Dogari ne jagora, babu kowa a bakin ƙofa bayanmu.

Kai, yaran nan sun ba ni sha'awa. Suka bi zaure shiru kamar ba su ba, ido waje, baki buɗe. A ɗakin tambura Baba Dogari ya ɗaga mayafin da aka rufe babban tambarin da shi, wani yaro ya ce, "Malam, ashe da gaske ne!" Wallahi sai da na ji ƙwalla. Falmata ta tsare tsoho da tambaya: fatar wace dabba ce, wa ya ɗinka, in ta yage wa yake gyarawa, me ya sa ba a bari mata su buga? Tsoho ya ce, "Wannan jikar tawa alƙali za ta zama." Aka ɗora wa wani ɗan ƙarami kwalkwali ya rufe shi har haɓa, dariya ta ƙwace wa kowa. A lambu kuwa sai abin ya zama biki. Suka yi layi kowa ya ja jigo ya zuba guga a gindin bishiya, suka kewaye kunkuru suna roƙonsa ya fito da kai, da ya fito kuma suka watse da gudu. Can Alhaji ya shigo yana share gumi, ya tsaya a bayan Falmata. Na ga har ya ɗan murmusa, na ce a raina alhamdu lillahi, mun ci rabi.

Muka yi azahar a inuwar tsamiya. Na sa aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, yara suka wanke hannu suka zauna da'ira-da'ira, cikin kowa yana kuka, tun karin safe ba su sa komai a baki ba sai ruwa. Na ce, "Yanzu za ku ga abin da ake kira abincin fada." Sai ga Jakadiya ta ɓullo ta ƙofar lambu, ita kaɗai, da akushi ɗaya a ka da 'yar ƙwaryar kunu a hannu. Akushi ɗaya tak!

Ta yi turus. Ta dubi yara, ta dube ni, ta sauke akushin a hankali. Ta ce, "Malam, su waye waɗannan?"

Na ce, "'Ya'yanku ne, Iya, da na ce zan kawo."

Ta ce, "Ina takalmansu? Na leƙa da hantsi, na manya uku na gani. Na ce iyaye sun sake hanawa, na mayar da geron da na ɓarza, na dafa muku wannan. Malam, shekara nawa kana zuwa gidan nan? Me muka yi maka da za ka ɓoye takalman yara? Abincinmu ne ba ka so su ci?"

Baba Dogari ya sunkuyar da kai. Na san abin da ke tafe: in maganar nan ta kai gaban sarki, cewa yara sun zauna da yunwa a lambunsa kuma an ɓoye takalma, ƙofar ta rufu, ba gare ni kaɗai ba, ga makarantarmu gaba ɗaya. Ga kuma Alhaji da sharaɗinsa, ga alkawarin da na yi a gaban iyaye. Gumi ya karyo mini. Na ce, "Iya, ki ba ni ɗan lokaci, don Allah." Na ce wa Malama ta riƙe yara, na kwasa da gudu ƙafa ba takalmi, da tsufana.

Bakin zaure wayam. Nawa, na Malama, da wani babban takalmin fata, shi ke nan. Na ce inna lillahi, ɓarawo! Na hango bas can gindin ɗorawa, Sale ya kishingiɗa yana sauraron rediyo. Na ce, "Sale, takalman yara!" Ya ce, "Suna but ɗin mota, Malam, cikin buhu. Alhaji ne ya ce in kawo buhunan da ke mota, shi da kansa ya kwashe."

Na juya, ashe Alhaji ya biyo ni, yana tsaye a bakin zaure. Raina ya ɓaci, kun san ni in na hau. Na ce, "Haba Alhaji! Takalmin roba ne fa! Wa zai saci takalmin roba a ƙofar fada? Nan ba kara ba ce da za a ce sai an ɗaure komai. Ka san abin da ka jawo mana kuwa?"

Bai ɗaga murya ba, mutumin da ake ji daga bakin titi. Ya ce, "Ba don ɓarawo ba ne, Malam." Sannan ya ce, "Ranar da na je neman yarona, abin da na tarar ke nan. Takalman makaranta zube a ƙasa, babu ƙafa a ciki. A cikinsu na gane nasa. Da kuka shige ɗazu na waiwaya na ga waɗannan. Ba zan iya wucewa in bar su haka ba."

Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa inda zan sa kaina. Babu abin da Malam Bukar ya koya mini da ya shafi wannan. Na tsuguna a gabansa na ce, "Alhaji, ka yafe mini, bakina ya yi sauri." Sannan na gaya masa al'adar gidan tun daga farko, abin da ya kamata in yi tun a mota. Na ce, "A ƙofar nan, in an ga takalmin yaro, ana nufin yaron yana ciki lafiya yana jiran tuwo. Dole a mayar da su, in ba haka ba an rufe mana gidan. Amma kai ka shiga mota ka zauna, ni da Sale za mu jera, ba sai ka gani ba."

Alhaji ya girgiza kai. Sai ya ce, "Sale, kawo buhunan."

Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya durƙusa a kan gwiwa a bakin zaure, ya zazzage buhu. Takalma iri ɗaya, sun cakuɗe, hagu da dama, manya da ƙanana. Na miƙa hannu zan taya shi ya ce in bari. Ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana juyawa, yana duba alamar da iyaye suke yi, wannan an ɗiga masa jan fenti, wannan an ɗaura zare, wannan an ƙona masa harafi da ƙusa. In ya haɗa ƙafa biyu sai ya kaɗe ƙurar da tafin hannu ya ajiye a layi. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba, bai kuma tsaya ba.

Ban san Jakadiya ta zagayo ta ƙaramar ƙofarta ba sai da na ji motsi. Malama Hauwa tana bayanta, da alama ta raɗa mata ko waye. Tsohuwa ta tsaya tana kallo har ya ajiye na ƙarshe. Sai ta gyara mayafi, ta bi layin da ido tun daga farko har ƙarshe kamar yanzu ta fara gani, ta ɗaga murya ta ce, "Lale, lale! Ashe baƙi ne suka iso yanzu! Ku fito, 'ya'yanmu sun zo!" Ta rangaɗa guɗa, daga cikin gida wasu suka amsa.

Daga nan sai gida ya kacame. Geron da ma a ɓarje yake. Jakadiya ta ce a ba ta 'yan matan su taya ta, ga shi Malama Hauwa da ɗalibanta sun shige sashen mata, inda ni da na tsufa a aikin nan ban taɓa sa ƙafa ba. Maza suka yi ta jan jigo suna kai ruwa bakin ƙofa, wasu suna ɗibar itace. Baba Dogari ya ɗauko doguwar gora ya ce yau dokar lambu ta tafi hutu, ya shiga kaɗo gwaiba da mangwaro yara suna cafewa suna ihu, ni kuma na yi kamar ban ji ihun ba. Akushin farko kuwa Jakadiya ta ce na Alhaji ne shi kaɗai, kuma tana tsaye sai ya cinye. Ya zauna ya ci, ya sha kunun tas.

Wajen la'asar abinci ya fito, akushi bayan akushi, 'yan matanmu ne ma suke ɗauko shi a ka suna yanga. Burabusko da miyar yakuwa, man shanu yana kwance a sama. Yaran nan sun ci har wani ya kwanta a tabarma ya ce a bar shi a nan ya zama ɗan gidan. Ni na ci a ƙarshe, kamar yadda aka koya mini, kuma ban taɓa jin daɗin ƙanzo irin na ranar ba.

Da muka yi sallama aka fito bakin zaure, sai rububi, kowa yana neman nasa. Alhaji ya tsaya a gefe yana nuna musu: kai mai jan fenti ga naka can, ke mai zare duba layi na biyu. Layi ya riƙa raguwa, yara suna tafiya mota. Can sai saura ƙafa biyu a tsakiyar fili, 'yan madaidaita, da ɗigon shuɗin fenti a dunduniya. Na ga Alhaji ya daskare. Shi ya ɗiga fentin nan da hannunsa. Ni ma gabana ya faɗi, na kai hannu aljihu na damƙi usur, na tuna inda nake na sake shi.

Sai ga Falmata a guje daga ƙaramar ƙofa, ɗankwali a hannu, ƙwaryar dabino a ka. "Baba! Baba! Iya ta nuna mini turmin da ya fi ni tsawo! Ta ce in dawo da salla!" Ta zura ƙafafunta cikin takalmin ko tsayawa ba ta yi ba, ta wuce mota tana kiran ƙawayenta.

Alhaji ya tsaya yana kallon wurin, ƙasa fes, sai sawun yara. Ya sa nasa takalmin a hankali. Muna tafiya wajen mota ya kama hannuna ya ce, "Malam Isa, duk sun sa?" Na ce, "Duk sun sa, Alhaji." Ya gyaɗa kai. Sai da ya ɗora ƙafa a matakalar bas ya juyo ya ce, "'Yan aji biyu fa, yaushe za mu kawo su?"

Falmata ta gama makarantar nan tuni, shi ma ya sauka daga shugabancin iyaye, amma har yau ba a tafiya ba shi. Ranar Asabar mai zuwa akwai ziyara. Wanda ya ce aikin hutu ne ya zo da sassafe, kujerar kan taya tana jiransa, jarkoki ma nasa ne. Takalman yara kuwa kada ya taɓa, suna da mai jera su.